Darasi Na Bakwai: Sasanta Rigimar Fili Da Gado Ba Tare Da Zuwa Kotu Ba

Duk wanda ya taba bin shari'ar fili ya san ba kudin lauya kadai ke cin mutum ba. Akwai kudin mota, akwai ranar da zaka rufe shago ka je ka zauna tun safe, sai can wajen azahar a ce an dage zaman sai wata mai zuwa don lauyan daya bangaren bai zo ba. In an yanke hukunci kuma wanda aka kayar ya daukaka kara, a sake sabon lale. Kafin a gama 'yan uwa sun daina gaisawa, har 'ya'yansu sun gaji gabar.

Sulhu shi ne ku biyu ku amince da wani mutum na uku ya zaunar da ku, ya ji ta bakin kowa, ya taimaka muku ku samo mafita. A rike wannan da kyau, mai sulhu ba alkali bane, baya yanke hukunci, ku ne masu yankewa, kuma in abin da aka kawo bai kwanta maka ba kana da damar ka ce a'a. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 128 sulhu alheri ne. Makwabtanmu Kirista ma suna da shi a Matiyu 5:25, ka shirya da mai kararka tun kuna hanya. Nan Kaduna ba bakon abu bane, tun 1995 Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, wadanda da suke gaba da juna, suka hada kai suna sasanta al'umma. Gwamnati ma ta san da zamansa, a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar tarayya kan sasanci da sulhu, kuma sau da yawa alkali da kansa zai ce ku je gida ku daidaita ku dawo ku fada mani.

To wa za a kai wa? Dattijon dangi, mai unguwa, dagaci, hakimi, liman ko fasto, shugaban kasuwa in rigimar shago ce. Marar halin daukar lauya yana iya neman shawara a ofishin hukumar bada agajin shari'a ta tarayya, wato Legal Aid. Amma a kula wajen zabe. Dillalin da ya ci la'ada a cinikin filin, ko mai unguwar da shi ya sa hannu a takardar da ake musu a kanta, wadannan shaidu ne, a kira su su fadi abin da suka sani amma kada su zama masu sulhu. A nemi wanda duk bangarorin suka yarda da shi, mai rike sirri, wanda baya jin kunyar fada wa mai kudi gaskiya.

Kada ka je zaman hannu rabbana. Ka tafi da takardar ciniki, rasit, takardar mallaka ta KADGIS, wato hukumar filaye ta jihar Kaduna, in kana da ita, da mutanen da aka yi cinikin a gabansu. In maganar iyaka ce kada a kare ta a zaure, a tashi a je filin da tef din awo da makwabtan da suka san tsohuwar iyaka.

A ce kana da fuloti a Rigasa kafa 50 a 100, ka jima baka leka ba, ka zo ka tarar makwabci ya ja katanga ya ci maka kafa uku har ya dora daki a kai. A kotu abin da zaka nema shi ne a rushe. A wajen sulhu kuwa hanyoyi da yawa ne, zai iya biyanka kudin kafa ukun a farashin yau, ko ya rama maka ta bayan filinsa, ko ku yarda katangar ta zama ta ku biyu kai ka huta da gina taka. Gobe in gobara ta tashi da tsakar dare shi ne zai fara zuwa da bokiti, kada ka manta.

Maganar gado ita tafi bukatar natsuwa, don a nan ake yawan cutar mata da marayu da sunan sulhu. Kafin a ce wa kowa ya yi hakuri sai an fara fitar da bashin mamaci da wasiyyarsa, sannan malamin da ya san ilimin rabon gado ya fada wa kowa rabonsa. Matar mamaci tana da kashi daya cikin takwas in ya bar 'ya'ya, in bai bari ba daya cikin hudu, da namiji kuma yana daukar rabon mata biyu. Sai kowa ya san nasa tukuna ake maganar yadda za a yi da gida daya magada tara. Ana iya yi wa gidan kudi wanda yake son zama ya biya saura, ko a sa haya a rika rabawa, ko a sayar. Amma a tara maza a daki a kira mace a ce “ke dai ki bar wa yayyenki, ai kina gidan miji”, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce “to Baba, duk yadda kuka yi”, wannan danniya ce. Hadisi ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi sai dai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. 'Yar uwa, in kunya zata hana ki magana ki tafi da wanda zai yi miki, ki ce a baki kwana biyu ki yi shawara. Rabon yaro karami kuwa babu mai ikon yafe shi, a killace masa.

In an daidaita, a rubuta a wurin kafin a watse. Sulhun baki yana mutuwa ranar da dattijon da ya yi shi ya rasu. Ga yadda ake rubutawa a saukake:

Yau ranar ........ mu wane da wane mun zauna a gaban ........ kan rigimar filin da ke ........ Mun yarda wane zai biya naira ........ kafin ranar ........ In ya biya maganar ta kare, ba mu ba magadanmu.

Sai sa hannu ko dangwala yatsa na ku biyu, da mai sulhu, da shaidu akalla biyu da lambar wayarsu. A sa ainihin awon filin da ranar biya, banda “in Allah Ya hore”. Kada ka dangwala a takardar da ba a karanta maka ba, kuma wanda ka yarda da shi ya karanta, in da Turanci aka rubuta a fassara maka layi layi. Kowa ya rike kwafi, ka dauki hotonta a waya. In karar tana kotu dama, ku kai takardar alkali ya mayar da ita hukunci, ta yadda in wani ya saba kotu ce zata tilasta masa.

Akwai abin da ba a kashe shi a zaure. Fyade, kisa, fashi, satar mutane, wadannan na hukuma ne, kuma duk wanda ya ce a rufe fyaden yarinya da kudi don kada a ji kunya ya hada kai da azzalumi. Bashi da sabanin ciniki kuma ba aikin 'yan sanda bane, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don wannan kawai.

Aikin aji: ku rabu uku uku, daya mai gida, daya dan haya da ake bin sa kudin wata shida, daya mai sulhu. Ku sasanta, sannan kowa ya rubuta yarjejeniyar a littafinsa da hannunsa ya kawo mako mai zuwa a karanta a gaban aji.