Yadda Ake Ɗaukar Hoton Fasfo da Kyamarar Nan-Take a Zafin Sakkwato

Ranar kasuwar Achida ko ta Illela, in wani ya zo yana neman hoton da zai liƙa a katin ƙungiyar 'yan kabu-kabu ko fom ɗin makarantar yaro, ba zai jira a dawo birni a wanke masa ba. Nan kyamarar nan-take ke da amfani: ba ta neman wutar lantarki, ba ta neman firinta, hoto na fitowa daga cikinta a hannunka. Sai dai kowane latsi kuɗi ne, domin babu gogewa a sake.

Tsofaffin masu hoto sun san Polaroid Miniportrait mai ido biyu ko huɗu, wadda ke fitar da fuska biyu ko huɗu a takarda ɗaya. Polaroid ya daina yin fim ɗinta a 2008, Fujifilm kuma ya tsayar da nasa fim ɗin da ke shiga cikinta, FP-100C, a 2016. Abin da ake samu yanzu shi ne Instax na Fujifilm: Mini mai hoton milimita 46 da 62, da Wide mai 62 da 99. Kowane kwali na ɗauke da fim 10. Ni kyamarar Wide 300 nake ba mutum shawara, saboda tana da maɓallin ƙara haske ko rage shi, kuma za ka ga muhimmancinsa nan gaba.

Kafin ka sa fim, tambayi mai son hoton ina zai kai shi. Fasfo na fita waje da katin ɗan ƙasa a ofis ake ɗaukar fuskar mutum da kwamfuta, kada ka karɓi kuɗin bawan Allah a kan abin da za a dawo masa da shi.

Sa fim a inuwa. Buɗe bayan kyamara, daidaita alamar rawaya ta kwalin da ta jikin kyamara, ka riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya danna ramukan nan biyu na bayansa. Rufe, ka latsa sau ɗaya, baƙin murfi zai fito, ƙidaya ta nuna 10. Daga nan bayan kyamara ya haramta gare ka har fim ya ƙare. Wanda ya buɗe don ya leƙa, haske ya cinye masa fim.

Yanzu wurin zama. Rataya farin ƙyalle marar tamoji a inuwar rumfa ko gefen bango da rana ba ta bugawa. Fim ɗin Instax mai saurin kama haske ne, ISO 800, ranar Sakkwato ta tsakar rana kuwa wanke fuska take yi fari fat, ta bar ramin ido baƙi. Ajiye benci kamar taku ɗaya gaban ƙyallen, don inuwar filashi ta faɗi ƙasa bayan kafaɗa maimakon ta tsaya kusa da kunne.

Wurin da na fi ganin ana asara shi ne nan. Kyamara na auna hasken duk abin da ke gabanta. Ga farin labule, ga farar riga ko farin hijabi, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuskar mutum ta fito duhu, ba a gane hanci balle ido. Hoton shaida da ba a gane mai shi ba, me aka yi? Don haka in fata mai duhu ce kuma tufafin farare, tura maɓallin zuwa ƙarin haske, ka kunna filashi ko da rana. Samu farin kwali ka ba yaro ya riƙe daga ƙasa, saitin ƙirji, ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa. Wanda ya zo da rawani ko hula, a roƙe shi da ladabi: "Baba, a ɗan tura hular baya goshi ya fito." Ga mace kuma: "Inna, a gyara hijabin kumatu su bayyana, a ɗan sauke haɓa." In da mace a kusa, ita ta taimaka mata da gyaran.

Tazara kuwa kada ka yi ta da ido. Wide ba ta kama abu sosai in ya matso ƙasa da santimita 90. Auna mita ɗaya, ka ƙulla igiya a jikin ƙafar kyamara, ka yi mata ƙulli a daidai nan, kowa ya zauna ka miƙa ta zuwa kumatunsa. Idon kyamara ya yi daidai da idon mutum. Ka tuna tagar da kake leƙawa tana gefe, ba ita ke ɗaukar hoton ba, saboda haka a kusa abin da ka gani yakan ɗan goce. Gwaji ɗaya ko biyu zai nuna maka inda za ka riƙa karkatawa. In 'yan makaranta ne, zaunar da biyu a jere da ɗan fili tsakaninsu, takarda ɗaya ta ɗauke su.

Hoto ya fito, bar shi ya gama fita da kansa, ka kama shi ta farin gefe. Kada a yi fifita da shi, kada a lanƙwasa. A ajiye shi inuwa, cikin kamar daƙiƙa 90 fuska za ta bayyana, launi ya ci gaba da zama. Maganin da ke ciki mai ƙuna ne, kada almakashi ya taɓa shi sai an wuce minti 10 ko fiye. Bayan nan a auna milimita 35 da 45 da rula, a yanka, a bi bakin da siririn salatif don kada ya ɓare, a wanke hannu.

Fim an yi shi ne don aiki tsakanin digiri 5 zuwa 40, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna wuce 40. Kwalin da ba a buɗe ba ya zauna a firji, ban da wurin ƙanƙara, a fito da shi tun da wuri sanyin ya sake shi kafin aiki. A hanya, sa shi cikin kula da robar ruwan sanyi naɗe da tsumma. But ɗin mota ko akwatin babur da ya sha rana kashe shi yake yi. Duba ranar ƙarewar da ke jikin kwali tun a shago.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Hura idon kyamara da famfon roba tukuna, sannan ka goge da tsumma mai laushi. Gogewa da bakin riga kankare gilashi take yi. Idan ka fara ganin ɗigo yana maimaita kansa a layi kan hotuna, rola ce ta yi datti, wato ƙarafan nan biyu da ke matse fim su baza magani. Jira kwali ya ƙare, ka jiƙa auduga da ɗan ruwa mai tsabta, ka goge su a hankali, ka bari su bushe. Wide 300 batir AA huɗu take ci. In filashi ya fara jinkirin cika, canza su duka tare, kuma in za ka ajiye kyamara fiye da wata guda, cire su kafin su zubo ruwa su ci ƙarfen ciki.