Batirin babur a lokacin sanyi: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Da zarar hazon hunturu ya sauko Legas a ƙarshen Disamba zuwa Janairu, za ka tarar da masu babur sun yi cirko-cirko a bakin rumfunan makanikai a Agege da Mile 12 da Idi-Araba tun da sassafe, kowa da ƙorafi iri ɗaya, wai sanyi ya kashe masa batir. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Sanyin Legas da wuya ya sauka ƙasa da digiri 20, kuma wannan bai isa ya durƙusar da lafiyayyen batir ba. Abin da ke faruwa shi ne zafin watannin baya ya riga ya ci ƙarfin batirin a hankali, ya ƙafar da ruwansa, ya lalata farantan dalmar da ke cikinsa, sai ɗan sanyin asuba ya zo ya tona asirin. Sanyi yana rage saurin aikin sinadaran da ke cikin batir, a lokaci guda kuma yana ƙara wa baƙin mai kauri, don haka inji yake neman ƙarfi mai yawa daidai lokacin da batir yake da kaɗan. Wanda ya taɓa kwana da babur a Jos ko Funtuwa cikin Janairu ya san bambancin, domin can ne sanyi ke iya kayar da batir mai ɗan dama-dama.

Kuskure na farko ya samo asali daga ɗora wa sanyi laifi, wato sayen sabon batir ba tare da an auna komai ba. Mitar da masu wayarin ke amfani da ita ba ta da tsada, kuma awon ba ya ɗaukar minti biyu. Batir mai bolt 12 da ya cika, idan ya huta na wasu awoyi, ya kamata ya nuna 12.6 zuwa 12.8. Idan ya nuna 12.2 ya kai kusan rabi, idan kuwa ya faɗi ƙasa da 12 to ya yi rauni ƙwarai. Awo na biyu ya fi na farko muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa: a tayar da injin, a ɗan ja totur, a sake aunawa. Nan ana so a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan adadin bai motsa ba, babur ɗin ba ya cajin batir, kuma laifin yana ga raktifaya (mai daidaita wutar da ke shiga batir) ko koyil (mai samar da wutar a cikin inji) ko wata waya da ta tsinke. Idan ya haura 15, raktifayar tana dafa batirin ne. A duka halin biyu, sabon batir zai bi sahun tsohon cikin 'yan makonni, mai babur kuma ya koma yana zagin mai shago cewa jabu ya sayar masa.

Sau da yawa ma batirin lafiyarsa ƙalau, kawunansa ne suka yi tsatsa. Iskar Legas tana ɗauke da danshi da gishirin teku, ga ruwan damina da ke cika tituna har ya taɓa inji. Wannan farin gari ko kore da ke taruwa a kan kusoshin batir yana tare wuta, sai ka danna sitata ka ji ƙas-ƙas kawai. A kwance wayar baƙi tukuna, sannan ja, a wanke kawunan da ɗan ruwan kanwa ba tare da an bar shi ya shiga cikin batirin ba, a kankare su har su yi haske, a ɗaure da kyau, a shafa giris kaɗan. Wajen mayarwa ja ake fara ɗaurawa.

Sai batun ruwa. Batir mai murafu da ake buɗewa ruwan batir tatacce yake buƙata, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Masu ƙara asid suna ƙona farantan, masu zuba ruwan leda ko na rijiya kuwa suna cusa ma'adinan da ke rage masa kwana. Batir rufaffe ba a ɓalle shi ko kaɗan.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne wajen caji. Batirin yawancin baburan da ake hawa a nan ƙarami ne, bai wuce amfiya-awa 5 zuwa 7 ba (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ke nan), kuma ƙa'idarsa a ba shi kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan adadin, wato wajen rabin amfiya, na tsawon awoyi da dama. Wani ƙanena da ke aikin kai saƙo ya taɓa kai nasa wurin wani mai caji a unguwarmu, aka jona shi a cajar batirin mota saboda yana sauri. Da muka je karɓa, gefen batirin ya kumbura kamar burodi, yana da zafin da ba ka iya riƙe shi, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai na tashi. Mai cajin ya ce masa, "Malam, ai kai ka ce minti talatin kake so." Gaskiyarsa ce, amma batirin bai ƙara mako biyu ba.

Akwai kuma kayan ƙawa da ake jibga wa babur: fitilu masu launi, cajar waya, ƙaramar sifika, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin diddigi. Idan aka jona su kai tsaye a batir ba ta bayan makulli ba, suna tsotsar wuta ko da babur yana ajiye. Tun bayan da gwamnatin jihar ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, mutane da dama sun koma gajerun zirga-zirga a cikin lunguna, kuma gajeriyar tafiya da yawan kashewa da tayarwa ba ta mayar wa batir abin da sitata ta ɗiba.

Yanzu ga ƙaramar na'urar tayar da inji, wadda ta yi kama da fawabank amma tana da wayoyi biyu masu baki irin na kada, ja da baƙi. Ana samunta a kasuwanni irin su Alaba da Ladipo, kuma abu ce mai amfani ga mai baburin da ba shi da kik, ko wanda aikinsa ke kai shi dare. Sai dai mutane sun ɗauke ta a matsayin magani, alhali aikinta ta tayar da inji sau ɗaya ka isa wurin gyara. Wanda kullum da safe sai ya jona ta kafin ya fita yana ɗage matsalar ne kawai, kuma batirin dalmar da aka bari a mace kwana da kwanaki yana yin wani ɓawo a jikin farantansa wanda caji ba ya narkarwa.

Wajen jonawa, a kashe makulli da fitilu, a maƙala ja a kan da ke da alamar tarawa, sannan baƙi a kan da ke da alamar ɗebewa ko a jikin ƙarfen injin da babu fenti, nesa da tankin mai. Kawunan batirin babur ƙanana ne kuma suna a matse, saboda haka a kula kada bakin ja ya taɓa firam. A danna sitata na daƙiƙa 3 zuwa 5, idan bai tashi ba a dakata kamar rabin minti. Idan an gwada sau uku ko huɗu shiru, a daina, domin matsalar ta koma ta fulogi ko mai ko cok da ba a ja ba, kuma nacewa zai ƙona sitatar ne. Da inji ya kama a cire na'urar nan take, baƙi kafin ja.

Akwai wani maɓalli a jikin wasu na'urorin da ke tilasta wuta ta fita ko da na'urar ba ta ga batir ba. An yi shi ne don batirin da ya mutu murus, amma danna shi yana cire kariyar da ke hana ɓarna idan an juya wayoyin. Mutum ya jona a cikin duhu, na'urar ta yi ƙara tana gargaɗi, shi kuwa ya ɗauka gardama take yi, ya danna. Idan an yi sa'a fiyus ne zai ƙone, idan ba a yi ba har raktifaya da akwatin wuta mai sarrafa tartsatsin fulogi. Duk lokacin da ta yi ƙara, a haska fitila a sake duba ja da baƙi.

Manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali kada su ruɗi mai saye, domin injin 125 ko 150 ba ya buƙatar na'urar da aka yi don babbar jif. Abin nema shi ne ta bolt 12 mai kariya daga juya waya da tartsatsi. Batirin litiyom ne a cikinta, kuma ba ya shiri da zafi, don haka barin ta a akwatin babur a tsakar rana yana kumbura ta, har tana iya kamawa da wuta. A riƙa cajinta duk bayan wata biyu ko uku ko da ba a yi amfani da ita ba.

Idan babu na'urar sai an roƙi mai mota a jona babur a batirin motarsa, a bar injin motar a kashe, batirinta kaɗai ya wadatar. Tirela da tanka kuwa, irin waɗanda ke jere a hanyar Apapa, yawancinsu bolt 24 suke amfani da shi, kuma jona babur a wannan wutar zai ƙone masa kayan lantarki nan take.

Masu tafiya gida Arewa hutun Sallah ko ganin iyali su ma suna dawowa su tarar da batir ya kwanta, domin batirin dalma yana zubar da wuta da kansa ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi yana ƙara saurin hakan. Kafin a kama hanya a cika shi da caji, a kwance wayar baƙi, a ajiye babur a inuwa inda ruwa ba ya kwanciya. Idan tafiyar za ta wuce wata guda, gara a cire batirin gaba ɗaya a bar wa wani amintacce ya riƙa sa masa caji mai sauƙi sau ɗaya a wata.