Yadda na gyara bidiyon da ya ƙi kai wa ginin baya

Makon jiya wata makaranta a nan Katsina, can wajen Ƙofar Ƙaura, ta kira ni. Darasin bidiyon da suke watsawa ta multikas, wato tura saƙo ɗaya ga rukunin masu karɓa a lokaci guda, a rukuni mai adireshi 239.1.1.10, yana kai wa gine-gine biyu, amma na baya shiru.

Da farko na zargi waya. Lafiya lau take, fing, ɗan saƙon da ake aikawa don gwada layi, yana tafiya yana dawowa.

Suwic ɗinsu, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutocin gine-ginen, na Cisco ne, suna kan tsarin raba multikas da ake kira PIM sparse-mode. A wannan tsari, mai aikawa da mai karɓa ba su san juna ba, sai sun haɗu a mahaɗa guda da ake kira RP. In suwic ɗaya ya nufi wata mahaɗar daban, kamar ka jira baƙo a tashar da ba nan motarsa za ta tsaya ba ne.

Na buga umarnin show ip pim rp mapping a kowane suwic, don in ga mahaɗar da ya nufa. Biyu suna nuna 10.0.0.1, na baya kuma yana riƙe da tsohon adireshi, 10.0.5.1, na wata ƙofar na'ura da aka daɗe da rufewa. Na cire shi, na sa ip pim rp-address 10.0.0.1. Duk da haka shiru, har raina ya fara ɓaci. Ashe lufbak ɗin RP, wato ƙofar cikin na'ura mai riƙe da adireshin 10.0.0.1, ba ya cikin OSPF, tsarin da na'urorin ke sanar da juna hanyoyi da shi, don haka na baya bai san hanyar zuwa RP ba. Sauran biyun da hannu aka rubuta musu hanya. Na shigar da lufbak ɗin cikin OSPF, umarnin show ip mroute ya nuna hanyar shigowar bidiyon, malamin ajin ya leƙo ya ce, "Injiniya, hoto ya fito!"