Yadda ake shirya bikin karrama mata a Damagaram ba tare da an bar baya da ƙura ba

Idan 13 ga Mayu ta gabato, ƙungiyoyi da dama a Damagaram kan tashi da shirin karrama mata. Ranar tana da tushe: a 13 ga Mayun 1991 ne mata suka yi tattaki a Yamai suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin da ke shirya babban taron ƙasa, daga baya hukuma ta mai da ita ranar matan Nijar. Sai dai sau da yawa bikin kan tsaya ga anko da jawabai, a miƙa takardar yabo ga matan da kowa ya riga ya sani, wadda take tatsar man gujiya a unguwar Garin Malam tana ciyar da marayu kuwa ba ta ma ji labari ba. Haya rumfa da kujeru ba wuya. Inda aikin yake shi ne gano wadda ta cancanta da tabbatar da aikinta, don haka nan za mu fi daɗewa.

Ku ba kanku mako takwas. Mai son 13 ga Mayu ya fara a tsakiyar Maris. Mai son 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ya fara da shigowar Janairu, kuma shi ya fi samun sauƙin yanayi. Ku duba kalandar Musulunci tun farko. Azumi, makon Sallah da lokacin tashin alhazai duk suna kwashe mutane, musamman manyan 'yan kasuwa mata.

Kwamitin zaɓe

Mutum bakwai sun isa, biyar daga ciki mata. An zaɓi bakwai ne don ƙuri'a kada ta yi kunnen doki. A samu shugabar wata ƙungiyar asusu, 'yar kasuwa da ta san Kasuwar Dole ciki da waje, malamar Islamiyya, ma'aikaciyar gidan likita ko ungozoma, da wakilin masu unguwanni. A zaman farko a rubuta ƙa'ida biyu kowa ya sa hannu. Ta farko: idan aka kawo sunan 'yar'uwar wani ɗan kwamiti, ko surukarsa, ko abokiyar cinikinsa, ya fita waje har a gama magana a kanta. Ta biyu: wanda ya ba da kuɗin biki ba shi da ƙuri'a. Wannan ta biyun ita ce ake yawan karyawa, domin mai kuɗi kan ce "a ɗan duba mini Hajiya". A gaya masa ƙa'idar kafin a karɓi ko dala ɗaya daga hannunsa, ba bayan an kashe kuɗin ba.

Rukuni uku na karramawa ne aka saba: taimakon jama'a, sana'a da kasuwanci, sai jagorancin al'umma. Shawararmu a raba na kasuwanci biyu. Mai alkaki ko ƙuli-ƙuli da ta fara da tiya biyu ba za ta yi takara da mai sarin atamfa daga Kano ba. In aka haɗa su, mai jari ce za ta ci kullum. Gaba ɗaya kada a wuce mata tara. Da sun kai ashirin, kowace minti ɗaya za ta samu, kyautar kuma ta zama tsaraba.

Neman sunaye

Takardar cikewa da Faransanci da aka watsa a WhatsApp za ta kawo muku ma'aikatan ofis da na ƙungiyoyin agaji ne kawai, domin su suka iya rubuta kansu. Ba a hana su shiga ba, amma a buɗe wasu ƙofofin. A bi gundumomi biyar na birnin ta hannun masu unguwa, limamai da shugabannin asusu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin adashi da rance da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu, wuri ne mai kyau na tambaya, don sun san wadda take biyan bashi a kan lokaci da wadda take riƙe akwati da amana. A ba da sanarwa da Hausa a gidajen rediyon gari sau biyu a rana na tsawon kwana goma, da safe da bayan isha'i, a kuma ba da lambar waya ɗaya da za a iya aiko da saƙon murya. Idan bikin na jiha ne, kada a manta da masu aikin garka na Mirya da Gidimuni, da matan Matamai, Magarya, Tanut da Gure, tare da tanadin kuɗin motarsu.

Duk mai kawo suna ya amsa tambaya huɗu: me take yi, tun yaushe, su wa suka amfana, wa zai iya ba da shaida ban da 'yan gidansu. Sunan da ya zo da "mutuniyar kirki ce" kawai a ajiye shi gefe.

Zuwa a gani da ido

Bayan tacewar farko a rage sunaye zuwa ninki biyu na waɗanda za a karrama, wato goma sha takwas in tara ake so. Kowace a aika mata mutum biyu, aƙalla ɗaya mace, don gidan da namiji ba ya shiga. Su fara da maƙwabta kafin su yi sallama a gidanta, kuma kada su ce an zaɓe ta. Da zarar maganar kyauta ta fita, shaidu sukan canja.

Ga mai taimako, a tambayi inda abin yake fitowa. Akwai bambanci tsakanin wadda take raba buhunan da wata ƙungiya ta kawo, wanda aikinta ne kuma ana biyan ta, da wadda take cire tiyar hatsi daga rumbunta. Dukansu suna da lada, amma ta biyun ake nema. A lura da ayyukan da ba su da suna: rakiyar masu naƙuda zuwa gidan likita da tsakar dare, wankan gawa, riƙon marayu, dafa wa almajirai, sayen ruwan garuwa ga tsofaffi lokacin bazara idan famfo ya ƙafe, abin da duk ɗan Damagaram ya san nauyinsa.

Ga mai sana'a, kada a nemi ganin ribarta. Ba za ta faɗa ba, kuma tana da gaskiya. A duba abin da ido ke iya gani: shekara nawa ba ta rufe ba, mutum nawa ke cin abinci a ƙarƙashinta, 'yan mata nawa ta koya wa har suka tsaya da ƙafarsu. A tambayi mutum biyu da take saro kaya a wurinsu game da biyan bashi. A kuma lura ko sana'ar ta dogara ne ga tallan yara a lokacin makaranta, domin kwamiti zai sha tambaya a kan haka.

Jagoranci shi ya fi ruɗi. Tun dokar kaso ta shekarar 2000, wadda aka ɗaga a 2019 zuwa kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 30 na naɗe-naɗe, mata sun ƙaru a muƙamai, amma riƙe kujera kaɗai ba abin karramawa ba ne. A tambaya: wace rigima ta sasanta, wace rijiya ko aji ko injin niƙa aka samu saboda tsayuwarta, shin ƙungiyarta na yin taro da zaɓe ko ita ce shugaba kuma ma'aji tun kafuwa. Tsohuwar da ake kira a raba gardamar ma'aurata a unguwar Birni ko Zango tana iya fin mai katin ofis maki.

A ba da maki bisa 20 kamar a makaranta: 7 ga amfanin da jama'a suka samu, 5 ga daɗewa, 5 ga abin da ta sa na ƙashin kanta, 3 ga ƙarfin shaidu. Kowane ɗan kwamiti ya rubuta nasa shi kaɗai kafin a tattauna, in ba haka ba duk za a bi bakin babba. A ajiye takardun. Ranar da aka zo da ƙorafi, kuma za a zo, su za ku nuna.

Neman yardarta

Ba kowace mace ke son a kira sunanta a lasifika ba. Mai sadaka tana iya tsoron riya, ta ce don Allah ta yi. A girmama hakan, a kai mata kyautar gida, ko a mai da ita ga aikin da take yi ba tare da ambaton suna ba. 'Yar kasuwa tana tsoron masu haraji da dangin da za su yi mata layi washegari, shi ya sa ba a faɗin jarinta ko adadin kuɗin kyauta a bainar jama'a. A kai takardar gayyata gida mako biyu kafin ranar, a gaida maigida ko babban gidan a gayyace shi shi ma. Yawancin ƙin zuwa na ranar ƙarshe daga nan yake tasowa. Mai takaba ba ta fita, sai 'yarta ko ƙanwarta ta karɓar mata. A tambaye ta daban ko ta yarda a ɗauki hotonta a sa a Facebook. Marayu da marasa lafiyar da take taimako kuwa ba a jero su gaban taro, ba a kuma faɗin sunayensu.

A nan ne kuma ake tambayar yadda take son a rubuta sunanta. A kwafo shi daga katin shaidarta harafi da harafi, don takardar yabo mai suna daban da na kati ba ta da amfani idan ta je neman rance ko tallafi.

Kuɗi da kyauta

A cikin kowace jika goma da aka tara, shida su tafi ga waɗanda ake karramawa, uku ga wuri da ruwa da sauti, ɗaya a ajiye don abin da ba a zata ba. Anko kowa ya sayi nasa, amma na mata taran kwamiti ya ɗinka musu. Kada a sanar da kyautar da ba ta shigo hannu ba. Alƙawarin da babban baƙo ya yi a kan mumbari ba a lissafa shi.

Keken ɗinki ya zama kyautar da ake ba kowa, har wadda ba ta taɓa zare allura ba, ƙarshenta a gan shi a kasuwa. A tambayi mace abin da ke tsaye mata. Mai man gujiya tana iya son buhun gujiya a lokacin kaka da yake da araha, ko babban kaskon suya. Mai kiwo, akuya biyu da bunsuru da likitan dabbobi ya duba. Firiza ba ta da amfani a gidan da ba mitar wuta. Ƙungiyar da ba ta da takardar amincewar hukuma, biya mata kuɗin yin takardun ya fi kofi mai ƙyalli. In kuɗi ne, a ba ta a ambulan rufe, ko a tura ta waya washegari, ta sa hannu ko ta dangwala.

Ranar biki

A sanar da hukumar birni a rubuce, a kai gaisuwa fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da ofishin jiha mai kula da harkokin mata tun da saura mako uku. A kauce wa Alhamis, ranar babbar kasuwa. In akwai matan Mirya a kauce wa Lahadi ma, ranar kasuwarsu. A watan Mayu zafi kan haura digiri 40, saboda haka a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba. Awa biyu ke nan, ba ƙari. Ga baƙi 200 a tanadi kujeru 220, tabarmi ga tsofaffi da masu goyo, ruwan leda mai sanyi uku ga kowane mutum, da injin wuta da aka gwada da safe aka cika da mai. A ɗaure rumfa da kyau, iskar farkon damina ba ta sallama.

Waɗanda ake karramawa su zauna a layin gaba, ba bayan manyan baƙi ba, kuma a aika abin hawa ya ɗauko su. Bayan addu'a, jawabi biyu kawai, minti biyar-biyar, sannan a shiga karramawa tun rana na sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin karramawar sai ƙarshe: manya su yi ta magana, a kira sallah, a miƙa takardu a gurguje mutane na kakkaɓe zane. Kowace mace a ba ta minti shida: biyu a karanta aikinta da Hausa, da sunan unguwa da shekarun da ta yi, biyu wani da ya amfana ya yi shaida da bakinsa, biyu ita ta yi magana in tana so. Idan Barbarci ko Fulatanci ko Tamajak ta fi sakewa da shi, a nemo mai fassara tun kafin ranar. Zabiya da maroƙa a yi ciniki da su tun farko, a ba su lokacinsu, a kuma gaya musu wa za su wasa, in ba haka ba yabon zai koma kan mai liƙi mafi tsoka. Hula ko zane mai alamar wata jam'iyya ko wani ɗan siyasa ba ya hawa mumbari.

Cikin mako guda a kai wa kowace hotonta da aka wanke, a liƙa lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe inda masu ba da gudummawa za su gani. Waɗanda suka kai matakin ziyara ba su samu ba, a aika musu takardar godiya, a ajiye sunayensu don baɗi. Bayan wata shida mutum biyun da suka kai ziyarar farko su koma su ga ko kayan da aka bayar suna aiki, su rubuta abin da suka tarar a littafin kwamiti, domin da shi za a yanke irin kyautar shekara mai zuwa.