Yadda za ka mayar da babban jirgin rimot mai injin glow ya koma na batir

Jirgin nan nawa mai injin .60 (lambar girman injin kenan) ya fi shekara biyu a rataye a bangon shago yana shan ƙura, ba wai lalacewa ya yi ba, mai ne kawai babu. Duk wanda ya taɓa riƙe injin glow ya san ba fetur yake sha ba, haɗi ne na metanol da nitrometen da man da ke sa inji santsi, ko man zurma ko na kamfani, kuma a nan wajenmu kafin ka samu nitro sai ka sha wuya tunda abu ne mai kama wuta ba a aiko da shi haka kawai a kwali. Toh da na gaji sai na ce bari kawai in cire injin in sa na lantarki, kuma abin da na koya a aikin nan shi ne zan faɗa maka, musamman in jirginka babba ne, daga .46 zuwa 1.20, don ƙananan ba su da wata wahala, manyan ne ke cin kuɗin mutum in ya yi kuskure.

Kar ka fara da tambayar wane moto ne daidai da .60, ka fara da sikeli. Cire injin da salansa da tanki da tiyo da sarbon da ke jan maƙogwaron inji (sarbo shi ne ɗan moton da rimot ke sarrafawa ya ja ko ya tura abu), ka ɗora gangar jikin a sikelin kicin ka rubuta, sannan ka ƙara nauyin abin da za ka saka. Moto na wannan girman, misali E-flite Power 60, yana kai kusan giram 380, ESC, wato na'urar da ke tsakanin batir da moto tana sarrafa gudunsa, kusan giram 100, batir LiPo, irin na lithiyam da ake caji, mai sel 6 na 5000mAh kuma wajen giram 800. Nawa da na haɗa duka ya tashi kilo 3.6. Amma kafin ka kwance komai, dan Allah, ka ɗaga jirgin da yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike tanki babu mai, ka nemo inda yake tsayawa daidai bai rinjaya gaba ko baya ba, ka sa alama da alƙalamin maka. Wannan wurin shi ne CG, kuma za ka gode wa kanka daga baya.

Lissafin da masu wannan harka suka daɗe suna amfani da shi shi ne wat nawa ga kowane fam na nauyi. Jirgin koyo mai tafiya a hankali wat 70 zuwa 90 ya ishe shi, wanda za ka riƙa juyi da birgima da shi wat 100 zuwa 130, masu tsayar da jirgi a tsaye a iska kamar helikofta kuwa 150 zuwa sama. Mu da muka saba da kilo sai ka riƙe cewa wat 100 a fam ɗaya daidai yake da wajen wat 220 a kilo ɗaya. Kaga kilo 3.6 fam 8 ne, in ina son 125 a kowane fam, wat 1000 kenan nake nema. Sel ɗin LiPo ɗaya in ya cika bolt 4.2 ne, amma in yana aiki da ƙarfi yana saukowa wajen 3.6, sel 6 kenan bolt 21.6, raba 1000 da 21.6 zai ba ka amfiya 46. Shikenan ka san ESC ɗin da za ka saya, kar ya gaza amfiya 60, ni dai na 80 na sa don zafin garinmu ba irin na Turai ba ne, abin da ke ɗumi kawai a can a watan Afrilu a nan sai ya ƙona maka yatsa.

In jirginka na 1.20 ne mai kilo 5 ko 6, kana neman wat 1500 ko fiye, toh a nan ne mutane ke ɓata. Kar ka ce za ka matse sel 6 su ba ka wannan, amfiya 70 kenan ko sama, kuma zafin da waya da ESC ke yi ba ninki biyu yake ƙaruwa ba in amfiya ta ninka, ninki huɗu ne. Ƙara bolt, rage amfiya. Batir biyu masu sel 5 ka jera su ɗaya bayan ɗaya su zama sel 10, bolt 36 a cikin aiki, wat 1500 ɗin nan sai ya dawo amfiya 42 kacal. Sharaɗin dai batiran biyu su zama iri ɗaya, girma ɗaya, kuma sa'annin juna, kar ka haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ƙare kafin ɗan'uwansa ya kumbura kamar ƙosai.

Sai maganar Kv da ake rubutawa a jikin moto, wato zagaye nawa yake yi a minti ga kowane bolt ɗaya in babu farfela. Ba ƙarfi ba ne, da yawa suna ɗauka babban Kv shi ne babban ƙarfi, a'a. Sel da yawa, Kv kaɗan, farfela babba. Ga girman .46 a sel 4 ko 5 ana samun Kv wajen 600 zuwa 700, ga .60 a sel 6 wajen 400, ga 1.20 zuwa sama a sel 8 zuwa 10 kuma 300 zuwa ƙasa. Moto mai 400 a bolt 21.6 zai yi 8,600 da ɗan wani abu in babu kaya, da farfela kuma ya sauko wajen 7,000 zuwa 7,500. Injin glow ɗin da ka cire yana juya farfela 12x6 (lambar farko tsawonta ne a inci, ta biyu kuma yawan karkatar fuka-fukinta) sama da 11,000, wannan kuma ya fi son 15x8 ko 16x8, a hankali amma yana ture iska da yawa.

Nan fa na fara shan mamaki, don farfela mai inci 16 ta fi mai 12 tsawo da inci biyu ta kowane ɓangare, da na ɗaura ta na ajiye jirgin a ƙasa sai na ga saura kamar faɗin yatsa ɗaya ta taɓa ƙasa, a filin ƙwallon da muke tashi kuwa duk tsakuwa ce. Auna daga tsakiyar shaf, wato sandar da farfela ke zama a kai, zuwa ƙasa tun kafin ka yi odar farfela. In wuri bai isa ba ko ka sa manyan tayoyi, ko ka ƙara tsawon ƙafa, ko ka koma 14x10, ko mai fuka-fuki uku. Kuma farfelar glow za ta yi aiki a moto, nauyi kawai gare ta, amma siririyar nan ta lantarki irin ta kamfanin APC mai harafin E kar ka kuskura ka mayar da ita kan injin glow.

Ɗaura moton ba wuya, sai dai ya fi injin gajarta, don haka dole ka turo shi gaba har farfela ta fito daidai inda take a da a bakin murfin hanci. Auna daga katakon bangon inji zuwa inda farfela ke zama a tsohon injin, cire tsawon moto, abin da ya rage shi ne tsawon ƙafafun alminiyam da za ka sa, ko ka haɗa ɗan akwati da filawud mai kauri milimita 5 ko 6. In ka lura injin ya ɗan karkata dama da ƙasa, kamar digiri biyu, ba kuskuren kafinta ba ne, da gangan aka yi, ka bar wa moton irin wannan karkatar. Kowane noti ka ɗiga masa Loctite shuɗi, gam ɗin da ke hana noti kwancewa.

Abin da ya kusa cinye min jirgi kuwa mai ne. Katakon da ya yi shekaru yana shan man zurma gam ba ya kama shi, ni kuma na liƙa maɗaurin nan mai ƙaya-ƙaya a inda tanki yake na manna batir na ce ai shikenan. Ina ɗaga hancin jirgin a hannu don gwaji sai na ji tim, batir mai giram 800 ya zame ya koma har wajen sarbo, da a sama ne wallahi sai dai in kwashe itace. Abin da na yi daga baya shi ne na barbaɗa garin sitaci a wurin na bar shi kwana biyu a rana yana tsotse man, na goge da sifirit, na maimaita har katakon ya yi fari, sannan na kafa sabon faifan filawud da efoksi da ƴan sanduna a gefe, batir kuma na ɗaure shi da ɗamara biyu da suka zagayo ta ƙarƙashin faifan, na sa guntun soso mai tauri gaba da baya.

Inda batir zai zauna kuwa alamar nan ta maka ce za ta faɗa maka. Inji da salansa wajen giram 700 ne a can ƙarshen hanci, yanzu 380 ne kawai a wurin, kaga wutsiya za ta rinjaya, sai ka yi ta tura batir gaba har jirgin ya tsaya a kan alamar. Wani lokaci sai ka fasa bangon inji batir ya leƙo ƙarƙashin moto, hakan ya fi ka liƙa dalma. In za ka yi kuskure gara hanci ya ɗan fi nauyi. Ka kuma yanka ƙofa a sama da za ka riƙa cire batir ba sai ka kwance fiffike ba, in ba haka ba ranar farko za ka tsani jirgin. Sannan iska: ƙofar shiga a gaba, ƙofar fita a ƙarƙashin jirgin can baya wadda ta ninka ta shiga biyu ko uku, ESC kuma a kan hanyar iskar, kar ka naɗe shi a soso yadda muke naɗe risiba, na'urar da ke karɓar umarnin rimot, a zamanin glow.

Waya in ta gaza, ƙara tsawon ukun nan da ke tsakanin ESC da moto, kar ka ƙara na ɓangaren batir, doguwar wayar batir tana kashe kafasitocin ESC a hankali. In moto ya juya baya, sauya kowane biyu cikin ukun. Daga sel 6 zuwa sama za ka ji tas da tartsatsi duk lokacin da ka jona batir, sayi fulogi irin XT90-S mai hana tartsatsi. Wutar risiba da sarbo kuma a babban jirgi mai sarbo biyar ko shida ni ban yarda in bar wa ESC ba, UBEC daban na sa, wato ƴar na'urar da ke rage wutar batir ta ba risiba da sarbo, wasu ma tsohon batirin risibar suke bari, in ka yi haka kuma ESC ɗinka yana ba da tasa wutar sai ka zare jar wayar da ke filoginsa na risiba.

Duk saitin nan ka yi shi babu farfela. Injin glow sai ka ɗora masa wuta a fulogi ka murza kafin ya tashi, kana jin ƙararsa ka san yana raye, shi wannan shiru yake kamar ba ya nan, hannun rigarka ya taɓa sandar rimot kawai ya zabura da wat 1000. Saita makunnin kashe moto a rimot, kuma rimot ake fara kunnawa kafin batir, shi ake kashewa a ƙarshe. Da ka sa farfela sai a riƙe maka jirgin ta baya, ka jona mitar wat tsakanin batir da ESC ka buɗe wuta duka na daƙiƙa goma. In amfiya ta wuce abin da moto ko ESC ke ɗauka rage farfela da inci ɗaya, kar ka ce ai ba zan riƙa buɗewa duka ba, za ka buɗe.

Batir kuma a caja mai daidaita sel, amfiya 5 ga 5000mAh, a kan siminti da bokitin yashi kusa, ba a cikin ɗaki kana barci ba, ba kuma a but ɗin mota da rana tsaka ba. In zai kwana biyu ba aiki bar kowane sel a 3.8. In wani zai taho maka da shi daga waje a jirgin sama, ka sani mai sel 6 na 5000mAh wat-awa 111 ne, ya haura 100, sai da izinin kamfanin jirgin kuma a jakar hannu. Filin tashi kuma nesa da filin jirgi da barikin soja, ka kuma duba dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kan jirage marasa matuƙi.

Tashin farko sa agogo minti huɗu kawai. Kashi 80 na 5000 shi ne 4000mAh, in kana cin amfiya 35 a matsakaici minti bakwai kenan ba ƙari, ba kamar tankin da ke kai ka minti goma sha wani abu ba. Ka kuma tuna da can jirgin yana sauka da tanki wayam ya yi sauƙi, yanzu da nauyin da ya tashi zai sauka, don haka shigo da ɗan gudu kar ka kashe wuta gaba ɗaya, babbar farfela in tana juyawa a banza birki take zama. Yana tsayawa taɓa moto da ESC da batir, in ba ka iya barin yatsa na daƙiƙa biyar akwai gyara, sannan ka auna sel, in sun nuna 3.75 zuwa 3.8 ka tsaya a wannan lokacin, in sun fi haka ƙara rabin minti a tashi na gaba.