Yadda za ki kafa ƙungiyar golf ta ɗalibai mata a Yamai

Ƴar'uwa malamar motsa jiki, in kina da niyyar tara ɗalibai mata ki koya musu golf, fara da sanin yadda ake lissafi a gasar jami'o'i, tun ba ki nemi sanda ko ƙwallo ba. A Amurka, inda wannan gasa ta fi ƙarfi, kowace jami'a ƴan wasa biyar take fitowa da su. In an gama zagaye guda na ramuka 18, sai a haɗa bugun mutum huɗu, a ajiye na wadda ta fi kowa yawan bugu. Ƙungiyar da jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ke gaba.

A ce yaranki sun tashi da 92, 97, 101, 108 da 115. An ajiye 115, jimilla 398. Ki zuba duk ƙarfinki a kan mai 92, da ƙyar za ki rage mata bugu biyu, don ta riga ta gyara kurakuran da ke da sauƙin gyara. Mai 108 kuwa, in kika raba ta da ɓatar da ƙwallo da yin tura uku a bakin rami (wato ɗan bugun da ke gangarar da ƙwallo cikin rami), bugu takwas za su iya zubewa, jimilla ta koma 390. Ita ma mai 115 kada ki ɗauke ido daga kanta, domin ranar da gwanarku ta tashi da ciwon kai, nata bugun ne za a ƙirga. A wurina babban aikin mai horaswa yana kan yarinya ta huɗu da ta biyar, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan ya tsaya.

Tarihin manyan masu horaswa ma haka ya nuna. A 1972 Amurka ta yi dokar da ta hana fifita maza a kan mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, daga nan ƙungiyoyin wasannin mata suka yawaita a jami'o'i. Dale McNamara ta kama ƙungiyar jami'ar Tulsa a 1974. Ba da jimawa ba ta samu Nancy Lopez, wadda ta zama zakarar ɗalibai mata ta ƙasa a 1976, daga baya kuma ta yi suna a duniya. Amma kofin ƙungiya a waccan shekarar jami'ar Furman ce ta tafi da shi. Sai a 1980, bayan Lopez ta tafi, Tulsa ta ci nata na farko. Ta kuma ɗauki kofin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a 1982, ta sake a 1988, shekarar da Melissa, ƴar McNamara, ta zama zakarar ɗaiɗaiku. Annika Sörenstam ta ci gasar ɗaiɗaiku tana jami'ar Arizona a 1991, kofin ƙungiya ya tafi UCLA. Rose Zhang ta Stanford ta ci ɗaiɗaiku a 2023, Wake Forest ta ɗauki na ƙungiya, sai ga mai horaswa Anne Walker ta kai Stanford ga kofi a 2024 ba tare da Zhang ba. Su kuwa Linda Vollstedt, da ta ci kofi shida da Arizona State tsakanin 1990 da 1998, da Dan Brooks mai kofi bakwai a Duke daga 1999 zuwa 2019, ɗalibai na shigowa suna gama karatu suna fita, su suna nan suna ci. Wanda ya yi haka ya iya renon na baya ne.

To mu dawo gida. Kada rashin ciyawa ya karya miki gwiwa. Filin da aka sani a nan, Rio Bravo da ke bayan gari kan hanyar Tillaberi, shi ma ƙasa ne da yashi: kewayen rami yashi ne da aka cuɗa da mai aka daddale, mai wasa kuma yana yawo da ƴar shimfiɗar roba mai kama da ciyawa, ya ɗora ƙwallo a kai ya buga. Watannin farko ma ba ki da buƙatar zuwa can. Kusurwar filin ƙwallon lakwal, ko wani fili a Harobanda kusa da jami'ar Abdou Moumouni, ya ishe ki muddin akwai tsawon mita 50 da ba hanyar mutane ko dabbobi ba ce.

Kayan aiki ba su da yawa. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda har 14, amma sabuwar shiga uku take buƙata: sandar ƙarfe mai lamba 7, sanda mai kwantaccen baki ta ɗaga ƙwallo daga kusa, da sandar tura ta bakin rami. Yara biyu ko uku za su iya karɓa-karɓa da saiti guda. Ki yi magana da masu ɗaukar wa ƴan wasa jaka a filin golf, su suka san wanda zai bar ƙasa yana neman rabuwa da kayansa, su ne kuma ke da tsofaffin ƙwallaye. Ki girmama su sosai, da yawansu sun fi waɗanda suke ɗaukar wa jakar iya wasan. Sandunan maza sukan yi wa ƴan mata tsawo da nauyi. In ba wasu, a riƙa kama su ƙasa kaɗan. Shimfiɗar roba ki duba a kasuwar Katako, a yanka miki ƙanana. Tsohon tarun masunta, a ninka shi biyu a ɗaure tsakanin itatuwa, zai tare ƙwallo. Rami faɗinsa milimita 108 ne, saboda haka ki binne gwangwanin da bakinsa ya kusa santimita 11, ki yayyafa ruwa a kewayensa, ki ja katako a kai ya yi sumul. Baƙin mai kada ki zuba shi a filin makaranta, yana kashe ƙasa.

Kafin horo na farko ki taka ƙafa zuwa gidajen yaran. Takarda ba ta wadatar. Ki gaida Baba da Inna yadda ya kamata, ki ce: "Baba, wasa ne da ba gudu ba kokawa, ba mai taɓa wani. Da suturarta za ta yi, ni zan tsaya a kanta, kuma kafin magariba tana gida." In kika faɗa, ki cika. Ki bar musu lambar wayarki, ki kuma gayyaci Hajiya ta zo ta gani da idonta. Na lura uwar da ta taɓa zuwa fili ita ke zama mai tashin yarinya da asuba. Maganar sutura mai sauƙi ce: dogon wando mai walawa, riga mai dogon hannu, da ƙaramin hijabi da za a cusa cikin wuyan riga. Babban hijabi yana harɗe hannu yayin lilon sanda, a ajiye shi sai an tashi.

Wajen zaɓe, ki ɗauki takwas ko goma don ki samu biyar ɗin da za su dawwama. Kada ki bi ƙarfi ko tsawo. Ki duba wadda ke zuwa a kan lokaci, da wadda in ta kuskure ƙwallo sau uku a gaban ƙawaye za ta sake gyara tsayuwa ta buga na huɗu.

Darasin farko na tsaro ne. Ƙwallon bai wuce giram 46 ba, amma da tauri yake kamar dutse, sandar kuma ƙarfe ce. Ba mai tsayawa gaban mai bugu, ba mai matsowa bayanta. Ki ja layi a ƙasa, masu jira su tsaya can, kuma ba mai zuwa tsintar ƙwallo sai kin ba da izini.

Daga bakin rami za ki fara koyarwa, ki riƙa ja da baya. Kowace yarinya so take a ba ta babbar sanda ta ga ƙwallo ya yi sama, ke kuma ki daure. Makonnin farko tura kawai: mita ɗaya, sai ta jefa goma a jere kafin ta koma mita biyu. Daga mita takwas ko goma, abin nema shi ne ƙwallo ya tsaya cikin taku ɗaya da rami, ko bai faɗa ba. A kan yashi ƙwallo ba ya gudu kamar a ciyawa, dole a tura shi da ɗan ƙarfi, kuma ƙarfin yana canzawa in an yayyafa ruwa ko in rana ta busar. Wannan sai hannu ya saba. Bayan haka ku koma mita 10 zuwa 30 da sanda mai kwantaccen baki: nauyin jiki a ƙafar gaba, hannuwa gaba da ƙwallo kaɗan, wuyan hannu ba ya karyewa. Ki shimfiɗa tsohon buhu inda kike so ƙwallo ya sauka, su riƙa nufar buhun, su manta da ramin. A nan ne mai 108 ke zubar da yawancin bugunta, don haka rabin lokacin horo ko fiye a nan zai tafi, har bayan sun ƙware.

Cikakken lilo ya zo daga baya, da lamba 7. Ga mai amfani da dama, hannun hagu ne a sama, tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni tana duban kafaɗar dama. Ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan sake, a sunkuya daga ƙugu. Su fara da rabin lilo, hannu ya tsaya daidai ƙugu a baya da gaba. Kuskuren da za ki fi gani shi ne ƙoƙarin kwasar ƙwallo a ɗaga shi sama, alhali kwanciyar bakin sanda ce ke ɗaga shi. Nakan tuna musu da daka: mai daka ba ta danna taɓarya da ƙarfin tsiya, ɗaga ta take yi ta bar nauyinta ya sauko. A kowane horo gyara guda ɗaya za ki ba kowace yarinya. In kin ba ta uku, ba wanda za ta riƙe.

Lokaci kuma sai kin bi yanayin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, horo sai da sassafe, a tashi kafin rana ta ɗaga, kowa da gorar ruwanta. Hunturu ne lokacin da ya fi daɗin wasa, iskarsa ma malama ce, tana koya musu buga ƙwallo ƙasa-ƙasa. Da azumi a taƙaita ga tura bayan la'asar, a inuwa. A Amurka hukumar NCAA ta taƙaita wa ɗalibai aikin wasa zuwa awa 20 a mako lokacin gasa, kuma wadda karatunta ya faɗi ba ta shiga. Mu ba za mu kai ko rabin wannan ba, amma ƙa'idar karatun ki ɗauke ta yadda take. Makon jarrabawa ba horo. Iyaye sun ba ki yaran ne bisa amanar ba za su koma baya a aji ba.

Sai littafi. Ki ware wa kowace yarinya shafi, duk ranar da aka yi zagaye ki rubuta abu uku: jimillar bugu, sau nawa ta yi tura uku a rami guda, ƙwallo nawa ta ɓatar. Littafin zai nuna miki abin da ido ba ya gani. Yarinyar da kike zaton lilonta ne matsala, sai ki tarar a bakin rami take asara. Da shi ne kuma za ki fitar da biyar ɗin da za su wakilci ƙungiya. Jami'o'in Amurka zagayen tantancewa suke yi a tsakaninsu kafin gasa, ke ma ki yi haka: a sanar da rana, a buga, mafi ƙarancin bugu su tafi. Ba ƴar gida ba ƴar ɗaki. In ta shida ta san ƙofa a buɗe take, za ta matsa wa ta biyar, ita kuma ta matsa wa ta huɗu. Ki kira wadda ba ta samu shiga ba ke da ita, ki buɗe mata shafinta ki ce: "Ƙanwata, bugu huɗu ne tsakaninki da su, ga inda suke."

Tun ranar farko ki koya musu cewa a golf ba alƙalin wasa da ke bin kowa. Abokiyar wasa ce ke rubuta bugunki, ke ki duba ki sa hannu. Wadda ta sa hannu a kan lambar da ta gaza abin da ta buga a wani rami, fitar da ita ake yi daga gasa. Lilon da aka yi da niyyar bugu aka kuskure ƙwallo, shi ma bugu ne. Ƙwallon da ya ɓace minti uku ake nemansa. Neman shawara a wurin abokiyar hamayya ana cikin wasa yana jawo hukuncin bugu biyu. A kan ƙirga ba na sassauci ko kaɗan, domin littafin da aka cika da ƙarya ba abin da zai gyara.

Gasar farko ki yi ta a cikin gida, ramuka tara, ƙungiya biyu. In yaran takwas ne, huɗu-huɗu a ƙirga uku. Ki raba gwanayen, ki haɗa kowace da mai rauni. Ke kuma ranar kada ki bi gwana, ta san hanyarta. Ki bi ta ƙarshe, ki riƙe mata ruwa, in rami ya ɓaci mata ki ce ta rubuta lambar ta wuce na gaba. In an tashi ki karanta jimillar ƙungiya kafin sunan wadda ta fi kowa.

Washegari ki kwafe sakamakon a takarda guda, tare da yadda jimillar ta sauko tun watan farko, ki kai wa shugaban sashen wasanni na makarantarku. A ƙasan takardar ki rubuta abin da kike roƙo dalla-dalla: ƙwallaye nawa, shimfiɗa nawa, da motar da za ta kai yaran Rio Bravo ta dawo da su kafin azahar.