Kafin ka kwashi kwamfutarka ka koma ƙaramin garin bakin teku

Duk wanda ya ce mini zai koma ƙaramin gari a gaɓar teku ya riƙa aikinsa ta intanet, abin da nake fara gaya masa shi ne kada ya yanke shawara a lokacin da garin yake cike da 'yan yawon buɗe ido. A wannan lokacin ko'ina a buɗe yake, motoci na kai da komo, kuɗin haya kuma ya yi tashin gwauron zabi. Da baƙi sun watse sai shaguna da yawa su rufe, motar zuwa babban birni ta yi wuyar samu, gari ya yi tsit tun da magariba. Da wannan garin na biyu za ka fi zama. Saboda haka ka kama ɗaki na wata guda a lokacin da babu baƙi, ka yi aikinka yadda ka saba, kafin ka sa hannu a hayar shekara. Gani ya kori ji.

Cikin watan nan, intanet ne abin gwaji na farko. Idan mai gida ya ce maka sabis na da kyau, ba lallai ƙarya yake yi ba, shi dai saƙo yake aikawa ya kalli bidiyo, kai kuwa abincinka ne a ciki. Ka zauna a ainihin ɗakin da za ka ajiye tebur, ka gwada da Speedtest, manhajar auna saurin intanet, da safe, ka sake da daddare lokacin da kowa ya hau. Ka fi sa ido kan saurin ɗorawa, wato saurin aika bayanai daga wurinka, domin shi ke kai fuskarka da muryarka wajen taron bidiyo. Megabit 4 a daƙiƙa ya ishe ka taro mai kyau a Zoom, muddin ba ya yankewa. Ni rashin yankewa na fi dubawa, ba girman lamba ba. Ƙaramin gari sau da yawa turken sabis ɗaya ko waya ɗaya ke ciyar da shi, don haka ka riƙe layi biyu na kamfanoni dabam-dabam, ka kuma haɗa rautarka, wato na'urar da ke raba intanet a gida, da ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe wuta, saboda ɗaukewar wuta. Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta taurarin ɗan'adam, na taimakawa inda hukuma ta ba shi izini. Taurarinsa na shawagi a nisan kusan kilomita 550, sabanin tsofaffin da ke kusan kilomita 36,000, shi ya sa magana ba ta jinkiri. Amma yana son sarari a buɗe, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi.

Sai maganar gishiri, wadda ita ce aka fi rainawa. Iskar teku tana ɗauke da gishirin da ido ba ya gani. Yana sauka a kan ƙarfe, ya jawo laima, tsatsa ta kama. Za ka fara ganinsa a makulli da ƙarfen taga, daga nan ya shiga ramukan caja da na USB. Fankar kwamfutarka kuwa wuni take yi tana zuƙar wannan iska zuwa ciki. Na san daɗin aiki kana kallon ruwa, amma tebur ya fi dacewa da ɗakin da ya ba teku baya. Kyamara da faifan ajiya da duk abin da ba kullum kake taɓawa ba, ka sa su a akwatin roba mai rufuwa ruf, tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ka sayi ɗan ma'aunin laima ka rataye a bango. Idan ya daɗe yana wuce kashi 60 cikin 100, fumfuna na nan tafe, kuma littattafai da kayan fata take fara ci. Ka janye kabad daga jikin bango don iska ta zaga. Aikinka kuma ya kasance yana da kwafi a waje biyu, ɗaya a intanet.

Gishirin nan da ambaliya ne suka sa nake fifita gidan da ke bayan layi biyu ko uku, a kan ɗan tudu, a kan wanda ke bakin ruwa. Ka tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa a guguwa mafi muni da suka gani. Dillali ba zai tuna maka da wannan ba.

Idan wata ƙasa za ka, ka gyara takardu tun kana gida. A ƙasashe da yawa bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki, ko da albashin daga waje yake zuwa. Estoniya da Barbados sun buɗe biza ta musamman ga masu aiki daga nesa a 2020, Kuroshiya a 2021, Fotugal a 2022, Sifaniya a 2023. Galibi shaidar kuɗin shiga daga waje da inshorar lafiya ake nema. A yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, baƙo na ɗan lokaci kwana 90 kawai yake da su cikin kowane 180. Haraji kuma ƙasashe da dama suna lissafa ka cikin masu biya idan ka kai kwana 183 a shekara, don haka ka nemi akanta wanda ya san dokar ƙasashen biyu.

Ka san nisan asibiti mafi kusa da yadda ake isa can da tsakar dare. Maganin da kake sha kullum kada ka bari ya kusa ƙarewa.

Teku ma sai an koye shi. A yawancin gaɓoɓi ruwa na cikowa ya janye sau biyu a rana, kuma lokacin na matsawa da kusan minti 50 kowace rana, don haka yashin da ka taka da safe yana iya zama ƙarƙashin ruwa da rana. Idan kana iyo ka ji ruwa yana jan ka ciki, kada ka yi kokawa da shi. Ka yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga hanyarsa, sannan ka nufo tudu.

Abin da na ga ya fi korar mutane daga irin wannan zama shi ne kaɗaici. Abokan aikinka suna wata nahiya, agogonku ma ba ɗaya ba, sai mako ya wuce ba ka yi hira da kowa ido da ido ba. Ka tsayar da lokacin tashi daga aiki, ka fita. Ka riƙa sayayya wurin mutane ɗaya har su san sunanka, ka koyi gaisuwa da harshensu tun makon farko. Masunta aiki suke yi, kada ka ɗauke su hoto ba ka nemi izini ba. Akwai kuma wani nauyi da nake so ka ji a ranka: albashinka wataƙila ya ninka na mutanen garin, kuma duk lokacin da baƙo ya biya haya fiye da kima ba tare da ya tambaya ba, gobe ɗan gari ne zai rasa ɗakin. Ka bincika abin da maƙwabta ke biya kafin ka yi tayi, kuma idan kana neman mai gyara ko malamin harshe, ka ɗauka a cikin garin.